Sitiyari a Hannun Dama

Maigidana tela ne, amma da za a tambayi zuciyarsa, da ta ce bakanike. A shekarun da kuɗin mai suka fara yawo a ƙasar nan, duk wanda ya ɗan samu a Jibiya sai ya nufi Kano ya dawo da sabuwar mota tana sheƙi. Shi kuwa sai ga shi wata rana da hantsi da gawar mota daga Maraɗi, ana jan ta da igiya a bayan akori-kura. Ba gilashi, ba kujeru, sai kashin kaji a ko'ina. Na leƙo daga zaure na ce, "Malam, wannan maƙera za a kai wa?" Ya yi dariya ya ce in ba ta lokaci.

Ban taɓa ganin mai haƙuri da ƙarfe irinsa ba. Da ya tashi daga keken ɗinki bayan la'asar, sai ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya kwance injin ɗaya bayan ɗaya. Kowane noti sai ya wanke shi da kananzir a cikin tsohon kwanona, ya jera shi a layin da ya fito. Kafireta da baki yake hura ta. Lagireto ya kai wa wani mai walda a Magama, ya tsaya a kansa har aka liƙe. Kujerun kuwa da hannunsa ya ɗinka, ya cusa musu auduga. Ina yi masa tsiya a kan kwanona, amma sau da yawa nakan bar tuwo a wuta in tsaya kallon hannunsa.

Ba don kansa kaɗai yake wannan wahala ba. Mahaifiyarsa, Inna, haifaffiyar wani ƙauye ce a hayin iyaka, kan hanyar Maraɗi. Gwiwoyinta sun daina lanƙwasuwa, ba ta iya hawa babbar mota, ga ƙanwarta a can, wadda ita kaɗai ta rage mata, an aiko cewa ba ta jin daɗi. Kunnen Inna na hagu ya mutu tun wani sanƙarau da ta yi. Sannan Malam ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa. In ya durƙusa gaishe ta, takan kau da kai ta amsa a taƙaice, shi ke nan hirarsu.

Ranar da mota ta tashi, yaran unguwa har guɗa suka sa ni. Malam ya tura kujerar gaba baya don ƙafafun Inna, ya ɗauke ta gwaji zuwa Magama. Ina ganinsa ta taga bakinsa na motsi, yana nuna mata abubuwa. Da suka dawo na taimaka mata ta sauko, na tambaye ta yaya mota.

Ta ce, "Lahiya lau take. Sai dai yaron ga tun da munka tahi har munka komo bai ce mini uffan ba. Halama haka masu mota suke."

Malam yana tsaye da tsumma a hannu, ya ji. Motar Nijar ce, sitiyarinta a hagu, don haka mataccen kunnen Inna ne ke wajensa.

Washegari na fito na tarar ya kwance gaban motar kaf. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba a daɗe ba da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama irin na Nijar, kowa na neman rabuwa da mota mai sitiyari a dama, shi kuma ya ce can zai mai da nasa. Na ce, "Malam, ƙanwar Inna tana kwance, mota tana tafiya. Ka sa Inna a baya mana, kunnenta mai kyau ya samu."

Ya ɗago daga ƙarƙashin mota ya ce, "In yi wa Inna magana da ƙeya?"

Ni dai ban huce ba. Duk direban da ya sauko daga Maraɗi ina tsoron kada ya zo da mugun labari. Malam ya bi garejin Katsina yana tono a cikin tsofaffin motocin da canjin hanya ya kashe, har ya samo sandar sitiyarin da ta dace. Ya huda sabon gurbi, ya matsar da birki da kuloci da totur. Bakanikan tasha suna ta yi masa dariya, suna cewa tela ya juya riga ciki waje. Bai kula su ba. Ya ƙara da liƙe salansar motar, ya shimfiɗa buhu a ƙarƙashin dardumar don ƙarar injin ta ragu. Ya rame a makonnin nan, ɗinkin mutane ya taru, kuma ban ji ya yi tsaki ko sau ɗaya ba.

Da ya gama, washegari da safe muka kama hanya, ni a baya da ƙullin gero da goro. A shingen Nijar wani jandarma ya taso ya nufi tagar hagu, inda ya saba samun direba. Ya sunkuya ya miƙa hannu don takardu, sai ya ga tsohuwa da carbi, gabanta ba sitiyari. Ya leƙa ƙasa, ya leƙa sama. Inna ta ce, "Mi kake biɗa, ɗana? Mai motar shina can." Ya zagaya yana dariya, ya kira 'yan duwan, wato kwastan ɗinsu, su zo su gani.

Muna wuce shingen Malam ya ce, a hankali, ba da ɗaga murya ba, "Inna, waccan kukar fa?"

Ta amsa nan take. Ta ce a gindinta ake saukar da amare, ita ma a nan aka sauke ta daga raƙumi. Daga nan ba ta tsaya ba. Ta nuna rijiyar da ta yi ɗiba tana yarinya, da gonar da fari ya cinye, da inda mahaifinsa ya fara tare ta a hanyar kasuwa. Duka su biyun hanya suke kallo, ba mai duban wani, shi ya sa kunya ba ta sami wurin zama ba. Yana tambaya tana amsawa, har dariya na ji ta yi.

Mun tarar da ƙanwar da rai, ta gane 'yar'uwarta, suka riƙe hannu. Amma abin da ya fi zauna mini shi ne kafin mu shiga ƙauyen, da Inna ta ce, idonta na kan hanya, "Ashe muryar ubanka gare ka. Ban sani ba sai yau."

Na ga Malam ya rage gudu sosai, ko da yake hanyar ba ta da rami.