Ƙararrawar Hajiya Safara'u

Duk ruwan da Hajiya Safara'u ta sani a duniya shi ne madatsar Mairuwa, shi ma daga bakin gaɓa. Sana'arta kiwon awaki, kuma shekara talatin tana da doka guda: duk akuyar da ta iya sulalewa gonar mutane, ƙararrawa za ta sha a wuya. Mai halin kirki kuwa a bar ta da wuyanta.

Sai ga shi ɗanta Abdulgafar ya zama kuku a jirgin ruwa mai dakon mai. 'Yarta Hamida, malamar firamare, ta koya mata duba jirgin a waya: wani ɗan ɗigo ne yana rarrafe a kan shuɗi. Kullum bayan sallar asuba sai ta gaishe da ɗigon nan kafin ta saki awaki.

Ran nan ɗigon ya ɓace. Kwana goma sha tara babu shi, babu kira. Hajiya ta rame, ta ji tsoron da ba ta taɓa ji ba.

Da Abdulgafar ya kira daga baya, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ashe masu jirgin ne suka kashe na'urar da ke nuna inda suke, don su ɗauko mai daga ƙasar da aka sa wa takunkumi.

"Wato ku ne masu shiga gonar mutane," in ji ta. "Abdulgafar, ka sauka. Ban haife ka don ka ɓace mani ba."

"Inna, aikin ga da wuyar samu."

"Ɗa ya fi shi wuyar samu."

A makon ne ta ji a rediyo ana muhawara kan wani ƙudurin doka a ƙasashen waje, na sa wa jirage ido don kada su riƙa ɓoyewa. Ta yi dariya har da tafi.

"Sai yau suka gane? Da sun zo sun tambaye ni!"

Dokar dai har yanzu ana ta ja-in-ja a kanta, Hajiya kuma ba ta jira su ba. Abdulgafar ya koma jirgin dakon alkama, kuma da ya zo hutu ta kwance ƙararrawar jar akuyarta ta cusa masa a jaka. Ya rataye ta a kicin ɗin jirgi.

Yanzu in ya kira, takan ce ya yi shiru tukuna. Jirgi na tangaɗi, ƙararrawa na kaɗawa. Sai ta ji ta sosai, sannan ta tambaye shi ko ya ci abinci.