Mai Roƙon Ruwa a Filin Tsere

Yammacin Juma'a ne, a gefen filin da masu sha'awar tseren mota ke haɗuwa. Kowa ya ƙura wa wayarsa ido yana tsaki, domin masu hasashen yanayi sun ce ruwa zai sauka Asabar da Lahadi, daidai lokacin gasar.

Mutum ɗaya ne bai ɓata rai ba. Wani gajeren dattijo ne mai furfura a gemu, rigar aikinsa ta sha baƙin mai. Yana zaune a kan jarka da taya tsakanin gwiwoyinsa, yana zurfafa tsagin tayar da ƙarfe mai zafi don ruwa ya samu hanyar fita. Hayaƙin roba na shiga idonsa, ko a jikinsa. Da alama a gyaran motocin mutane hannuwansa suka tsufa.

Wani direba ya tsaya a kansa. "Baba, kai ba ka ji za a yi ruwa ba?"

"Na ji, ɗana. Tun Litinin nake roƙonsa."

Ya nuna wata tsohuwar mota da haɓa, inda wata budurwa ke gwada hular kwano.

"'Yata ce. Injinmu bai kai naku ba, a busasshiyar ƙasa kuna wuce ta. Amma a cikin taɓo na koya mata tuƙi." Ya dubi hadarin da ke haɗuwa, ya yi murmushi. "Gobe ku taho da tsumman goge gilashi, don a bayanta za ku sha taɓo."