Ƙashin Raƙumi da Harsashi Biyu

Bernard Ayuba mutumin Bogoro ne, a kudancin Bauchi. Mahaifinsa maharbi ne mai bindigar toka, shi kuwa ya yi shekara goma sha huɗu yana gadin gandun daji kafin ya zo Dubai a 2010. Aikin da ejan ya samo masa gadin sito ne a Dubai Investments Park. Bayan shekara guda wani kulob na masu harbi da ke bayan gari ya nemi wanda ya san bindiga, aka ɗauke shi. Ni direban kulob ɗin ne, sunana Badaru. Ɗakinmu ɗaya a Hor Al Anz, mu shida, gadonsa a ƙasan nawa.

Gajere ne, mai kauri, ba ya da yawan magana. Ran Juma'a, wadda ita ce ranar hutu a nan, in muka nufi masallaci, shi sai ya hau bas zuwa coci, daga can ya kira matarsa Edith da 'ya'yansu uku da ke gida. Aikinsa a kulob shi ne goge bindigogi, kafa allunan harbi, da tsayawa bayan mai harbi don kada ya juya bakin bindiga inda bai kamata ba. Ba da shawara ba ya cikin aikinsa. Wannan na Mista Viktor ne, shugaban filin, wani Bature da ya ci lambobi a gasar harbin allo a ƙasarsu.

A watan Yunin 2012 wani dattijo ɗan ƙasa da ake kira Abu Saif ya fara zuwa kulob. Mai jiragen ruwan kaya ne a bakin kogin Deira, shekarunsa sun haura sittin, kuma yana shirin zuwa farauta Namibiya karo na farko. Mariri yake so, da kanki, da jakin dawa in an samu. Bindigarsa mai lamba .30-06 ce. Abin da ya rage shi ne a zaɓi harsashi, domin ran Alhamis za a cike takardar izinin fita da bindigar, kuma irin harsashin da aka rubuta a ciki shi kaɗai zai ɗauka.

Ran Talata na kawo akwatunan ruwa na tarar da su uku a rumfar harbi. Viktor ya ajiye harsashi mai jan kai a gaban dattijon. Ya ce nauyinsa giren ɗari da hamsin ne, giren kuwa shi ne ma'aunin da ake auna harsashi da shi. Ya ce yana da gudu, yana tafiya a miƙe har mita ɗari uku, kuma bindiga ba ta dukan kafaɗa sosai da shi. Abu Saif yana da tsohon ciwon kafaɗa, saboda haka ya gyaɗa kai. Har ya miƙe, sai ya juya wajen Bernard da ke goge madubin bindigar.

"Kai ɗan Afirka ne, habibi. Ka taɓa ganin irin waɗannan dabbobi?"

"Na gani, ranka ya daɗe."

"To me ka ce game da wannan harsashi?"

Bernard ya dubi Viktor, Viktor ya dube shi. Na san abin da ke ransa. Bizarsa a hannun kulob take, kuma wata biyu kafin nan an sallami wani ɗan Nepal saboda ya musa wa Viktor a gaban baƙo.

"Yana da kyau ga barewa," in ji Bernard. "Ga mariri, ni ba zan ɗauke shi ba."

Viktor ya ce masa ya koma bakin aikinsa, amma dattijon ya ɗaga hannu ya ce a bar shi ya ƙarasa.

Bernard ya ajiye tsumman da ke hannunsa. Ya ce rigar tagullar da ke jikin wannan harsashi siririya ce, in ya daki ƙashin kafaɗa da irin gudunsa sai ya tarwatse a waje, bai kai huhu ba. Ya ce akwai mai giren ɗari da tamanin a sito, wanda aka manne darmarsa da tagullar, shi yana fasa ƙashi ya wuce. Sannan ya faɗi abin da ni ma ban taɓa ji daga bakinsa ba. Wata shekara a gandun daji wani baƙo ya harbi gwanki da harsashi marar nauyi, kafaɗar ta fashe amma dabbar ba ta faɗi ba. Kwana biyu suna bin jini. Da suka cim mata a cikin ciyawa, ta soki abokin aikinsa Ɗantani da ƙaho a cinya. Ɗantani bai sake tafiya daidai ba.

Viktor ya ce labarin daji daban, lissafi daban. Abu Saif ya ce shi ɗan kasuwa ne, ba ya sayen kaya sai ya gani da idonsa. Akwai yadda za a gwada?

"Akwai," in ji Bernard. "A ba ni zuwa gobe."

A mota na ce masa, "Malam Bernard, me ya kai ka? Mutumin nan zai tafi farautarsa ya dawo, kai ne za ka zauna da Viktor."

"Tambayata ya yi, Malam Badaru. Da bai tambaya ba da na yi shiru."

Washegari da sassafe muka je wajen wani mahauci a Deira muka karɓo allon kafaɗar raƙumi guda biyu, da sauran nama a jiki. Muka kwaso tsofaffin jaridu daga ofis, Bernard ya jiƙa su a baho, ya danna su cikin kwali biyu har suka yi tauri, ya ɗaure ƙashi ɗaya a gaban kowane kwali. Muna cikin ɗauri Viktor ya zo ya tsaya a kanmu. Ya ce wa Bernard, a hankali, in mai jan kan ya wuce ƙashin nan lafiya, to Bernard ya miƙa katin aikinsa a ofis kafin azahar. Bernard ya ce ya ji.

Aka kai kwalayen mita ɗari. Ƙarfe tara ne amma iskar ta riga ta yi zafi, rigar Bernard ta manne a bayansa. Abu Saif ya zauna a kujera da 'yar tasbaharsa. Viktor ne ya yi harbin, don babu wanda ya kai shi saiti.

Ya fara da nasa, mai jan kai. Muka taka zuwa kwalin. Harsashin ya shiga ta gefen ƙashin, inda yake da laushi kamar faranti, ya huda, ya nutse cikin jarida kusan kamu biyu. Viktor ya zaro shi ya ɗora a tafin hannu, ya buɗe kamar fure, bai tarwatse ba. Ya nuna wa dattijon.

Bernard ya durƙusa ya shafa ƙashin. Ya sa yatsa a kan gaɓar, wurin da ya fi kauri.

"Nan ne kafaɗar mariri in ya ɗan juyo yana kallonka. A sa a nan."

"An riga an gwada," in ji Viktor.

Abu Saif ya ja tasbaharsa sau biyu ko uku. "Yalla, Viktor. Harsashi ɗaya ne."

Muka koma rumfa. Viktor ya daɗe a kan saiti, kuma zan faɗi gaskiyarsa, bai kauce ba, a tsakiyar gaɓar ya sa shi. Da muka isa, ƙashin ya farfashe, amma jaridar da ke baya ba ta huje ko kamu ɗaya ba. Bernard ya yi ta ɓare takarda yana tsinto gutsattsarin tagulla da darma, ƙanana kamar tsakuwar shinkafa. Sai aka harba mai nauyin a gaɓar ƙashi na biyu. Ya fasa ta, ya ratsa jaridar gaba ɗaya, muka same shi a maƙale a bangon kwalin na baya, kansa ya baje amma jikinsa ɗaya.

Dattijon ya jujjuya shi a hannu, ya ce khalas, magana ta ƙare, a rubuta wannan a takardar izinin. Viktor ya tuna masa da kafaɗarsa. Bernard ya ce gaskiya ne, zai fi duka, sai dai a sa masa matashin roba a gindin bindigar, ya riƙa harba biyar kullum har ranar tafiya.

Ba a kori Bernard ba. An dai mayar da shi filin faifan yumɓu, inda ake cilla faifai sama masu bindiga su harba, babu rumfa babu fanka, daga Yuli har Oktoba. Yakan dawo ɗaki idanunsa jajur, ya sha ruwa lita biyu a tsaye, ya kwanta ko takalmi bai cire ba. Sau ɗaya ya faɗi a filin, na kai shi asibiti aka ƙara masa ruwa. Bai gaya wa Edith ba.

Abu Saif ya dawo bayan Ƙaramar Sallah. Ya sa na kai shi har filin yumɓun, ya sauko cikin ranar nan ya kama hannun Bernard. Ya ce maririn taku talatin ya yi ya faɗi, kankin ko motsi bai yi ba, jakin dawan kuwa ya kuskure shi gaba ɗaya, kuma kafaɗarsa ta yi sati biyu ba ta ɗaguwa. Ya tambayi Bernard me yake yi a wannan fili. Bernard ya ce aiki ne. Ban san ko dattijon ya yi magana a ofis ba, amma sai da sanyi ya shigo aka dawo da shi rumfa. Tsakaninsa da Viktor gaisuwa ce kawai har Bernard ya bar aikin.

A ƙarshen 2014 Edith ta kwanta rashin lafiya, Bernard ya ajiye aiki ya koma gida. Ni na kai shi filin jirgi. A wajen ajiye motoci ya buɗe jakarsa a kan but ɗin motar, ya zazzage kowace riga, ya juya aljihunan wandunansa ɗaya bayan ɗaya, don ko kwanson harsashi aka gani a kayan mutum a nan sai ya yi bayani a wajen 'yan sanda. Ya sami kwanso ɗaya a cikin tsohon takalmin aikinsa. Ya miƙo mini, ya ce in mayar sito in gaya wa Viktor a rubuta. Sannan ya ɗaure jakar, muka yi sallama, ya shiga layi.