Ranar da Kawu Ya Sake Goya Inna

Kawuna mai shimfiɗa tayil ne. Rabin rayuwarsa a durƙushe ya yi ta cikin gidajen mutane, da gudumar roba a hannu, yana masifa da duk wanda ya taka masa aiki kafin siminti ya kama. Taurin kai kam Allah ya ba shi, ko ni 'yar ƙanwarsa da nake ji da shi ba zan ɓoye ba.

A saman bene suke haya, shi da matarsa da muke kira Inna. Da ɓarin jikinta ya shanye, kullum da hantsi sai ya goya ta ya sauko da ita ƙofar gida, ya zaunar da ita kusa da mai shago ta ga mutane. Yana saukowa yana mita, wai ta karya masa baya, ita kuma tana dukan kafaɗarsa da hannun mai lafiya. Ba ta yarda kowa ya goya ta sai shi. 'Ya'yanta maza ma kunyarsu take ji.

Gwiwarsa ta dama ta daɗe da cinyewa. Likita ya ce sai an sa ta ƙarfe, Kawu ya ce a kai kasuwa. Bai yarda ba sai ranar da ƙafar ta lanƙwashe a tsakiyar matakala, saura ƙiris su gangaro su biyu.

Bayan aikin ba halin hawa bene, sai aka kawo shi gidanmu, Inna tana can sama. Mu kuma, da wayonmu na banza, muka haɗa baki kada a tayar masa da hankali.

"Yaya tsohuwar tawa?"

"Lafiya lau, Kawu, tana gaishe ka."

Alhali ta juya fuska bango. Jikarta da ke jinyarta da ƙyar take samu ta karɓi cokali. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi.

Shi kuwa ya sa ƙafar a gaba. Mai gashin ƙashi ya zo ya lanƙwasa masa ita, gumi ya jiƙe filo. Daga ƙarfen dogarawa ya koma sanda, ya jefar da sandar. An hana shi ɗaukar nauyi, amma wata rana na same shi a kicin da jarkar ruwa ɗaure a baya, yana kai da kawowa.

"Kawu, so kake ka ɓata aikin?"

"Ke dai ja min ƙofa. Kin san nauyin innarki kuwa?"

Da likita ya yarda ya hau bene, muka raka shi. Inna ta juyo ta gan shi. Ya zauna bakin gado ya ba ta baya, muka ɗora masa ita. Ya tattara ƙarfinsa duka kamar yadda ya saba, ya yunƙura, sai ya miƙe zumbur har ya yi tangaɗi.

Ya sauko da ita a hankali. Maƙwabta suka fito ana barka, mai shago yana cewa ai ƙafa ta koma ta saurayi. Kawu ya zaunar da ita, ya gyara mata mayafi, ya daɗe riƙe da tsintsiyar hannunta. Na matso ina murna, na ce ƙafa ta yi ƙarfi. Ya ɗago, idonsa ya kaɗa.

"Ba ƙafar ce ta yi ƙarfi ba, 'yar nan. Ita ce ta ƙare."