Ƙofar Nababa da Ta Ƙi Jiƙa

Shekara talatin Malam Nababa yana aikin kafinta a wani ƙauye kusa da Bagwai, kuma bai taɓa samun abokin sana'a mai riƙon amana kamar damina ba. Ya kafa maka ƙofa da rani, ruwan Agusta ya kumbura ta, da kaka ka dawo masa. Sai ya girgiza kai ya ce, "Katakon zamani ke nan," kamar wani ne ya zaɓo shi.

Ana nan 'yarsa Tahira ta gama karatun kimiyya a birni, ta dawo da wata jarka. Ta ce shafin katako ne da suka haɗa a makaranta, sun kwaikwayi ganyen gwaza da ruwa ke gangarewa a kansa ba ya jiƙa shi. Akwai kuma garin ƙarfe a ciki, har maganaɗisu yana kama katakon.

"To me ƙofa za ta yi da maganaɗisu?" in ji Nababa.

"Baba, bincike ne."

"Allah ya ba bincike lafiya."

Don kada ranta ya ɓaci, ya shafa shi a ƙofar shagon Hajiya Furera mai sayar da man gyaɗa. Damina ta zo ta wuce, ƙofa ko gezau. Dattawa masu furfura suka riƙa zuwa da buta suna kwara mata ruwa. Zubair mai gyaran rediyo ya ɗora maganaɗisun tsohuwar sifika, ya manne. Gari ya yanke hukunci: ƙofar da ke jan ƙarfe ba za ta kasa jan mai saye ba. Cinikin Hajiya kuwa ya ƙaru, tunda kunya ba ta barin ɗan kallo ya tafi bai sayi ko kwalba ɗaya ba.

Tahira ta yi ta bayani har muryarta ta dushe. Aka saurare ta cikin ladabi, aka ce yarinyar ta iya rufa wa ubanta asiri.

Masu shaguna suka yi wa Nababa caa, kowa yana so a shafa wa tasa. A ƙofa ta bakwai jarkar ta ƙare. Nababa ya kira Tahira a waya, lokacin ta koma birni.

"A aiko min da wata."

"Baba, injin da muke haɗa shafin a makaranta ya lalace, ana jiran kwamiti ya zauna."

Har yau kwamitin bai zauna ba. Masu shaguna daga Minjibir ma suna zuwa, yana rantse musu babu, suna komawa suna cewa tsohon ya faye rowa.