Wa Zai Kai Bilkisu Kasuwan Garba?

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata, Malama Hajara, kuma gaskiya ɗaukarta a babur wahala ce. Ni ɗan acaɓa ne, a aji huɗu na bar makaranta. Duk ƙarshen wata sai ta ɗaura mini buhun ƙwallon kaɗanya da damin kara, mu kama hanyar Kaboji ko Sahon Rami, ga laka ga rami. Har yau bayana bai warke ba.

Aikinta shi ne koya wa malaman aji ɗaya yadda za su koyar da lissafi. Takan ce yaranmu suna rera ɗaya zuwa ɗari kamar waƙa, amma ka ce wa yaro ya miƙo maka bakwai, sai ya damƙo cikin hannu ya ba ka. Don haka sai ta sa a fitar da benci, a shimfiɗa tabarma, ta zaunar da malamai a ƙasa, manya da gemunsu, suna ɗaure kara goma-goma. Wani hedimasta ya taɓa cewa shi ya wuce wasan yara. Ta ce, "To Malam, yi tsayuwarka. Amma daga can sama ba za ka ga inda yaro yake ɓacewa ba." Ya zauna.

Ciwo ne ya ɗauke ta, a kan gadonta, kafin 'yan bindiga su tare hanya. Wani lokaci nakan ce Allah ne ya rufa mata asiri. Da tana nan, me za ta ce? Yanzu bitar malamai a cikin Kontagora ake yi, a ɗaki mai fanka, ana haska hoto a bango. Malaman ƙauye ba sa zuwa, domin wanda ya fito bai san ko zai koma ba. Wasu makarantun da muka zauna a cikinsu, ciyawa ta kai taga. Ƙawarta Malama Rifkatu ta ce mini yaran da suka gudo gari sun iya gane ƙarar bindiga tun ba su iya ƙirga yatsunsu ba.

Na san abin da za ta ce, domin na ji shi a bakin 'yarta Bilkisu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Bilkisu ta zama malama, kuma malaman wajen Kasuwan Garba sun aiko cewa yara na nan, wanda zai nuna musu hanyar koyarwa ne babu.

Ta same ni da la'asar. "Kawu, ka kai ni, ko in hau motar kasuwa."

Motar kasuwa kuwa ita mutanen daji suke jira. Na ce mata abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ce uwarta amana ta bar mini, ba gawa ba. Ba ta yi musu ba, ta ce Allah ya huci zuciyata, ta tafi wanke kayan tafiya.

Yaya ba ta bar gida ba, ba ta bar fili ba. Ta bar malamai da suka san zama a ƙasa, ta kuma bar wannan taurin kan a cikin gidana. Ban san ko in gode mata ba. Allah ya jiƙanta.

Washegari da safe na kai babur aka canza taya, aka ɗaure birki. Na biya wajen ƙanena na ce masa, ranar Asabar za mu tafi, in baƙuwar lamba ta kira shi, ya ɗauka.