Kusa Ai Kusa Ne

Har yau ban manta da ranar da na tsaya a gonar Malam Sale a Fagam, kyamara a wuya, ina ta ja da baya kamar wanda ya ga maciji ba. Lokacin ni ne mai ɗaukar hoto a sashen wayar da kan manoma na ofishinmu a Birnin Kudu.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, gilashin da ake ɗaura wa kyamara a gaba iri-iri ne. Telifoto shi ne dogon, yana jawo maka abin da ke nesa, kamar mai jawabi kana can bayan taro. Amma in ka matsa da shi jikin abu, sai hoton ya yi dishi-dishi. Makro kuwa kai shi ake yi dab da abu, ya nuna ƙwayar gero kamar goro. Na gaji da roƙon a saya mana makro, don rabin aikinmu ƙwari ne. Da aka amince, shugaban sashe, Alhaji Ƙasimu, ya ce wa ɗan kwangila, "A samo mana mai kawo abu kusa." Shi kuwa ya kawo telifoto, dogo kamar taɓarya. Na yi magana, Alhaji ya ce, "Malam Habu, kusa ai kusa ne. Kada ka cika mu da Turanci."

A watan Satumba na daminar shekarar malamin gonarmu na Gwaram ya aiko cewa furen wake na zubewa a Fagam. Ƙa'ida ita ce sai masanin ƙwari na hedikwata ya tabbatar da irin ƙwaron kafin a fitar da magani daga sito. An fara aika furen a leda ta mota, ya isa a ruɓe. Sai aka ce a aiko hoto. Wayoyin lokacin kuwa ba su ɗaukar abin kirki.

Na hau babur har gonar. Malam Sale dattijo ne, waken nan shi ne abincin gidansa da ragowar ƙarfinsa. Ya ɓare min fure, ga wasu ƙwari baƙaƙe, ba su kai ƙwayar riɗi ba, suna yawo a ciki. Na matsa, kyamara ta ƙi gani. Na ja baya, na sake ja, har na kusa faɗawa kunyar gonar maƙwabci. Can ne hoto ya fito tas, amma ƙwarin sun zama ƙura.

"Malam, cizo suke yi ne?" in ji shi. "Matso, ba sa komai."

Na ce, "Baba, wannan idon ba ya ganin na kusa."

Ya dubi tsawon abin, ya ce, "Ikon Allah. Duk girman nan?"

Haka na aika hotunan. Amsa ta dawo cewa furen ya yi kyau, amma ba a ga ƙwaro ba, a sake ɗauka. Kafin masanin ya samu motar zuwa da kansa, fure ya gama zuba. Malam Sale harawa kawai ya ɗaure.

Bayan girbi aka yi bikin ranar manoma. Da wannan telifoton na ɗauki Alhaji daga ƙarshen rumfa, har zaren hularsa ya fito. Ya sa aka rataye hoton a ofis, yana nuna wa baƙi yana cewa, "Kun ga amfanin kayan aiki mai kyau."

To ku da kuke fara wannan aikin, in za ku nemi gilashi, ku faɗi abin da za ku ɗauka da girmansa, kada ku tsaya a kan "kusa". Mutanen ofis ba mugaye ba ne, idonsu dai ya saba da manya ne daga nesa. Na haɗu da Malam Sale a kasuwar Basirka yana awon waken wasu don kai wa gida. Bai yi min ƙorafi ba. Tambayata kawai ya yi, "Malam, idon naka ya fara ganin na kusa kuwa?" Har na yi ritaya ba a sayi makron ba.